Ba na ɗora magani a sikeli sai na ga takarda

Shekarata tara ina haɗa magungunan ɗibbin Yunani, wato tsohon tsarin jinya da magungunan tsirrai. Mu uku ne a wurin: ni, da yarinyar da ke riƙe da littafin masu zuwa, da wata dattijuwa mai daka da tankaɗe. A cikin matan da ke yi mana sallama, masu ciwon PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwan mace nuna da fita a kan lokaci, su suka fi cin lokacina, su ne kuma suka fi ƙarancin ciniki.

Zuwansu kusan iri ɗaya ne. Mace za ta zauna, ta zaro takardar sikanin da ta sha ninki har ta fara yagewa, ta ce, "Malama, an ce ƙuraje ne suka cika mini gidan ƙwai, ki ba ni abin da zai wanke su." Sai in ja kujera kusa da ita, in nuna mata baƙaƙen ɗige-ɗigen da suka jeru a gefen hoton kamar carbi. In ce, "Hajiya, waɗannan ba ƙuraje ba ne. Ƙwayayenki ne suka fara girma suka tsaya, ba su nuna ba balle su fita. Babu abin wankewa a nan." Wata ta yi ajiyar zuciya, wata kuma ta dube ni kamar na raina mata ciwo.

Hoton shi kaɗai ma bai isa hujja ba. Ƙa'idar da likitoci suka amince da ita a birnin Rotterdam na ƙasar Holland a 2003 ita ce sai an ga biyu cikin abubuwa uku: rikicewar haila, alamun yawan sinadarin maza kamar gashin haɓa da ƙurajen fuska, sai wannan hoton. Kuma sai an tabbatar ba tayirod (ƙullin da ke gaban wuya) ko furolaktin (sinadarin da ke kawo ruwan nono) ne ke haddasa matsalar ba. Shi ya sa duk wadda ta zo hannu rabbana nake tura ta gwajin jini da na sukari tukuna. Gwajin ciki kuwa dole ne, domin magungunan da ke saukar da haila ba abin wasa ba ne ga mai ƙaramin ciki da ba ta san da shi ba.

Wannan ɗibbi daga Girka ya samo suna. Tsofaffin likitocin Girka Buƙraɗ da Jalinus suka aza tubali, likitocin daular Musulunci suka gina a kai, Ibn Sina ya kammala littafinsa na likitanci Al-Ƙanun a 1025. Ba su san sunan PCOS ba, don sai a 1935 likitoci biyu, Stein da Leventhal, suka bayyana ciwon a Amurka. Abin da magabata suka rubuta a kai shi ne tsayawar haila da ƙiba mai yawa. A wurinsu jiki na tafiya ne kan ruwaye huɗu, jini da balgam (majina) da safra (ruwan ɗaci rawaya) da sauda (ruwan ɗaci baƙi), kuma hakiman Indiya na yau, wato masu wannan ɗibbi a can, galibi suna danganta wannan ciwo da rinjayen balgam, wato sanyi da danshi sun yi wa jiki yawa. Ni dai ina ɗaukar wannan a matsayin harshen zamaninsu. Likita zai ce jiki ne ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Abin da ya riƙe ni a sana'ar shi ne tsarin jinyar: abinci a gaba, sai gyaran yanayin rayuwa, magani daga baya.

Saboda haka yawancin aikina tambaya ce, kan abubuwa shida da littattafan suka ce lafiya na rataye a kansu: iska, ci da sha, motsi da hutu, halin zuciya, barci da farkawa, sai abin da jiki ke riƙewa da wanda yake fitarwa. Ƙarfe nawa kike kwanciya? Yaushe rabonki da tafiyar rabin awa? Muna auna ƙugu da tef, mu rubuta ranar da haila ta zo. Ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta sau da yawa yakan dawo da hailar kan hanya. Siririya ma tana kamuwa, ita kam ba na ce mata ta rage komai.

Wane magani nake bayarwa? Hulba, kirfa, habbatus sauda, ganyen na'a-na'a. An yi ƙananan gwaje-gwaje a kansu, suna ɗan taimakawa, amma ban taɓa ce wa kowa za su raba ta da ciwon ba. Ana lallaɓa shi ne, ba ya warkewa kwata-kwata. A shekarata ta biyu na ba wata haɗin da ke da saiwar irƙus-sus, wata saiwa mai zaƙi da kan ɗaga hawan jini, ban tambaye ta hawan jini ba. Bayan mako uku ta dawo ƙafa a kumbure, kai na sarawa. Tun daga ranar na'urar awon jini take kan teburina, kusa da sikeli.

Wadda ta yi kwana 90 ba ta ga haila ba, likita nake tura ta, domin fatar cikin mahaifa na yin kauri, kuma sakaci da hakan na iya kai wa ga ciwon daji. Mai neman haihuwa ina gaya mata akwai letirozol, maganin da ke sa ƙwai ya fita, a asibiti, kada ta ɓata shekaru a wurina. Mai shan metfomin, maganin sukari na asibiti, kuwa ba na bari ta ajiye shi saboda kwalbata.

Jiya ma wata ta tashi a fusace, ta ce ita magani ta zo saya ba wa'azi ba. Dattijuwata ta bi ta da kallo, ta jingine taɓarya, ta ce, "Malama, yau ma turmin nan hutu zai yi ke nan?" Na ce ta bar hulbar a buhu tukuna, mu ga ko za ta dawo da takarda.