Tsakanin shigar da takarda da fitowar kati

Bayan sallar Juma'a a wani masallaci da ke unguwar Bronx a birnin New York, wani dattijo ɗan asalin Kumasi ya ja ni gefe, ya zaro wata takarda da ta fara yagewa a wurin ninki, ya ce, "Malam, duba min, da wannan zan iya kama aiki?" Takardar rasit ce da hukumar shige da fice ta Amurka, wato USCIS, take aika wa duk wanda ya shigar da fom I-485 na neman katin zama na dindindin, wanda mutanenmu ke kira girin kad. 'Yarsa da ta zama 'yar ƙasa ce ta nema masa. Na ce, "Baba, wannan shaida ce kawai cewa buƙatarka ta isa hannunsu, ba izinin aiki ba ce."

Matsayin mai jira yana da wuyar bayani. Muddin fom ɗinsa yana gaban hukuma, ba a ƙidaya masa kwanakin zama ba bisa ƙa'ida ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin dokar 1996 ta tanadi cewa wanda ya tara irin waɗannan kwanaki fiye da 180 sannan ya fita, za a hana shi dawowa tsawon shekara 3, wanda ya tara shekara guda kuwa sai bayan shekara 10. Sai dai jiran ba ya ba mutum wani sabon matsayi. Idan bizar da ya shigo da ita ta ƙare, aka kuma ƙi buƙatarsa, to ba shi da tudun dafawa.

Izinin aiki fom ne daban, I-765, kuma tun daga Afrilun 2024 ana biyan masa dala 260 a kan dala 1,440 na babban fom ɗin. Sai katin izinin aikin ya iso hannu mai ɗaukar aiki zai iya cike fom I-9 na tabbatar da cewa ma'aikaci yana da izinin aiki, wanda doka ta wajabta masa. Ga yawancin masu nema, yin aiki kafin lokacin yana iya rusa buƙatar gaba ɗaya, ko da yake doka ta yi rangwame ga miji ko matar ɗan ƙasa, da iyayensa, da 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 21 ba. Abin da ya fi damuna shi ne matakin da aka ɗauka a ƙarshen Oktoban 2025 na daina tsawaita wa'adin katin aiki kai tsaye ga masu neman sabuntawa. A ganina ba adalci ba ne magidanci ya shigar da takardarsa a kan lokaci, sannan ya rasa aikinsa saboda jinkirin da ba shi ya jawo ba, alhali kuɗin haya ba ya jira.

Amma inda jiran ya fi ciwo shi ne batun tafiya. Wanda ya bar Amurka ba tare da izinin fita da dawowa na fom I-131 ba, ana ɗauka ya yi watsi da buƙatarsa, in ban da masu wasu bizojin aiki irin su H-1B da L-1. Wani maƙwabcina ɗan Maraɗi ya samu labarin rasuwar mahaifiyarsa da asuba, a lokacin bai samu wannan izini ba. Muka taru a ɗakinsa, ya jingina wayarsa da flas ɗin shayi, yana kallon yadda ake fito da gawar ta WhatsApp, ƙanensa na riƙe da wayar a can. Da ya nemi izinin tun ranar da ya shigar da babban fom, wataƙila da ya samu sadakar bakwai. Ba wanda ya gaya masa ana haɗa su a ambulan ɗaya.

Shi ya sa kafin mu rabu da dattijon na tambaye shi ko 'yarsa ta haɗa da waɗannan fom biyu. Ya ce bai sani ba, ya ciro waya ya kira ta a nan take.