Kwana biyu a siraran hanyoyin tsibirin Skye

Yau sati biyu da dawowata Jos kuma har yanzu duk wanda muka haɗu a majalisa sai ya ce in buɗe waya in nuna masa teku. Ina nunawa, amma ni hanyar ce ta fi tsaya min a rai, shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta.

Bikin kammala karatun autanmu ne ya kai ni Glasgo, a yankin Scotland na Birtaniya. Da aka gama hidima sai ya ce "Yaya wallahi ba za ka koma ba ka ga Skye ba, na riga na kama mana mota." Muka tashi bayan asuba, shi a sitiyari ni a gefe, muka bi ta Loch Lomond da Glencoe da Fort William, tafiyar da ake cewa awa biyar ce mu ta ci mana kusan bakwai saboda tsaye-tsaye. Skye tsibiri ne a yammacin Scotland amma ba sai ka shiga jirgin ruwa ba, akwai gada daga Kyle of Lochalsh da aka buɗe a 1995. Da farko kuɗi ake biya mai tsada, mutanen wurin suka ƙi yarda suka yi ta ja da gwamnati har aka soke a 2004, yanzu kyauta kake wucewa. Su ta hagu suke tuƙi, na tuna Baba Allah ya jiƙansa yana ba mu labarin yadda aka koma hannun dama a Najeriya a 1972.

Har Portree, babban garinsu, titi lafiya lau. Sai da muka wuce Dunvegan muka nufi Neist Point sannan na ga siraran hanyoyin tsibirin. Kwalta ce faɗin mota ɗaya tak, kwana kan kwana, ga tudu ga gangare, ba ka ganin mai zuwa sai ya ɓullo gabanka. Amma duk 'yar tazara an ɗan faɗaɗa gefen titi an kafa farin allo, nan ake kauce wa juna. Idan wurin na hagunka kai ne za ka shiga, idan na damanka ne sai ka tsaya daidai shi ka bar wancan ya shiga, mai gangarowa kuma shi yake haƙura wa mai hawa. Shi ke nan dokar fa, ba ɗan sanda ba danja.

A wani tudu muka yi kiciɓis da wata tsohuwa a tsohuwar mota, kare na zaune a kujerar gefenta. Ƙanina ya ɗan daburce yana laluben ribas, kafin ya samu ita har ta ja da baya kusan tsawon filin ƙwallo ta shige ta ba mu hanya. Da muka zo wucewa sai ta ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari tana murmushi. Kowa haka yake yi, ka ba shi hanya ya ɗaga maka hannu, ya ba ka kai ma ka ɗaga. Wuni guda ban ji hon ba sai sau ɗaya, shi ma wani baƙo ne ya yi fakin a wurin kaucewar ya fita ɗaukar hoto, motoci suka jeru gaba da baya. Raina ya ɓaci sosai da mutumin nan, domin abu ne da ke tafiya kan amana kuma mutum ɗaya ya isa ya ɓata shi. Na yi ta tunanin Terminus ɗinmu na Jos da yamma, titi mai faɗi amma kowa ya cusa hancin motarsa an tsaya cak, alhali mu ne aka fi sani da gaisuwa da kara. Wannan abin ya dame ni gaskiya, kuma har yanzu yana damuna.

Ga tumaki ko'ina, an shafa musu fenti shuɗi ko ja a baya don mai su ya gane nasa, suna kwance tsakiyar kwalta sai sun ga dama su tashi.

Neist Point nan ne ƙarshen tsibirin ta yamma. Daga inda ake ajiye mota matakala ce ta siminti mai gangara sosai da ƙarfen riƙewa a gefe, sannan ka miƙe kan ciyawa har hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1909. Ni ɗan Jos ne dutse ba baƙona ba ne, amma ban taɓa tsayawa a bakin dutse na leƙa na ga ruwa yana dukan gindinsa yana farin kumfa ba. Iska kuwa sai ka karkata jiki kafin ka yi gaba. Wasu fararen tsuntsaye na tashi sama su naɗe fukafukai su faɗo cikin ruwa kamar mashi, na tsaya kallonsu na manta da waya a aljihu, Subhanallah kawai nake ta faɗa. A nan muka yi la'asar, muka shimfiɗa jaket muka danne da duwatsu don kar iska ta kwashe. Magariba kuwa a watan Yuni sai goma ta wuce. Hawowa matakalar nan ya ci gwiwa, sau uku muna hutawa.

Wanda zai je ya nemi maganin ƙwari. Akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari da ba su kai sauro ba, da iska ta kwanta da yamma suke fitowa, cizonsu ƙaiƙayi ba kaɗan ba. Masauki ma a kama tun da wuri.

Washegari muka tafi Quiraing ta hanyar da ta haɗa Staffin da Uig, ita ma siririya ce ga wani kwana a kan tudu da sai da na riƙe kujera. Ƙasa ce ta zaftare tun zamanin da, ta bar duwatsu tsaitsaye cikin kore shar, har yau wani ɓangaren yana motsi shi ya sa kullum ake gyaran titin ƙasansa. Yayyafi ya same mu a sama muka raɓe jikin dutse muna shan shayin flas. Ƙanina ya ce "Yaya ka san dutsen Shere na Jos ya fi nan tsawo?" Kuma haka ne, ƙololuwar Shere ta haura mita 1,800 daga matakin teku, Ben Nevis da ya fi kowane dutse a Birtaniya mita 1,345 ne. Su dai sun share hanyar ƙafa, sun kafa alluna, sun yi wurin fakin, mu kuma yarana uku sun girma suna hango Shere daga ƙofar gida ba wanda ya taɓa hawa. Na faɗa wa uwargida ta tanadi ruwa da dafaffen dankali, Asabar in sha Allahu da su za mu je.