Abin da neman wani ɗan tsiro a yashin Minisota ya koya mini

A aikin binciken tsirrai da muka yi a jihar Minisota ta Amurka, abu na farko da ya zauna mini shi ne, ƙasa ake fara dubawa kafin tsiro. Wanda aka sa mu nema, Phemeranthus rugospermus, ɗan mitsitsi ne mai ganye mulmulalle, cike da ruwa, ganyen da kyar ya kai tsawon yatsa. Ba ya iya kokawa da doguwar ciyawa. Sai inda yashi ya fito fili rana na dukansa, kamar tuddan Weaver kusa da kogin Misisipi, ko kan duwatsun Nachusa a Ilinoi. Malaminmu in ya ga ciyawa ta yi duhu ko tsayawa ba ya yi.

Sannan lokaci. Furen, mai ruwan hoda, sai da yamma yake buɗewa, ya yi kamar awa 3 ya rufe, kuma wannan furen ya gama ke nan. Mai fitowa da sassafe don gudun zafi zai iya taka shi ya wuce.

Inda aikin yake shi ne raba shi da ɗan uwansa parviflorus, wanda ya fi son kan dutse. A hoton waya kusan ɗaya suke. Dole ka durƙusa da gilashin ƙara girma ka ƙirga zaruruwan tsakiyar furen masu ɗauke da gari: in ba su wuce 8 ba ɗan uwan ne, in sun haura 10 namu ne. Sai ka murje busasshen ƙwanso a tafin hannu. Irin parviflorus sumul yake, na rugospermus kuwa duk tamoji ne. John Holzinger, malami a garin Winona, shi ya fara bayyana shi a 1899 a cikin dangin Talinum, gida ɗaya da ganyen gbure da Yarbawa ke miya da shi, kafin daga baya a raba su.

Abin da ya fi ba ni mamaki, killace wuri kawai ba ya cetonsa. In an daina sa wa filin wuta, itatuwa su mamaye, inuwa ta rufe yashin, tsiron ya ɓace. Shi ya sa masu kula da waɗannan filaye ke cinna musu wuta da gangan, su kuma sare itatuwan da suka kutso.