Godiya bayan taron addu'a na zumuntar mata

Salama a gare ku cikin sunan Yesu ƴan uwa. Sai yau na samu na zauna in rubuta, muryata ma har yanzu bata dawo ba, ƙafafu duk sun kumbura, amma dai Ubangiji ya yi mana, an taru lahiya an watse lahiya. Baƙinmu matan ekilisiyar Lutheran da suka taso tun daga Numan ta Najeriya sun kira sun ce sun sauka gida, shi ne hankalina ya kwanta.

Kun dai san yadda aka sha fama da tsarin sujadar nan. Bana matan Najeriya ne suka rubuta shirin ranar addu'a ta duniya, wadda ake yi Juma'ar farko ta watan Maris, a kan Matiyu 11:28, inda Yesu ke kiran masu nauyin kaya su zo ya hutar da su, mu kuwa nan Nijar takardar da Faransanci ta iso mana, sai da matar pasto da ƴan matan kwaya suka maida ta Hausa layi layi. Ga su baƙin namu sun saba da litaji, mai jagora ya faɗa jama'a su amsa, tun da masu bishara ƴan Danmak suka kafa ekilisiyarsu a 1913 haka suke, mu kuma namu matan in ba a buga tulu an tashi da rawa ba gani suke ba a yi sujada ba. Ƙarshe dai aka raba, safe nasu yamma namu, kuma gaskiya amsa addu'ar nan da suke yi tare ta shige ni, ina ganin ya kamata mu riƙe ta.

Amma abin da ba zan manta ba daren Alhamis ne. Motar baƙi ta baro Katsina da la'asar, daga nan shiru. Waya bata shiga, ba rezo, kuma kowa ya san hanyar Jibiya zuwa Ɗan Isa da dare ba abin wasa bane. Ni ce na gayyato su, ni na ce masu su zo ba komai. Ina zaune ƙofar coci na kasa ko addu'a, bakina Ubangiji Ubangiji kawai yake cewa, ina tunanin me zan gaya wa mazajensu. Sai ga Hajiya maƙwabciyarmu ta hito daga sallar asham, da azumi fa ta wuni, ta gan ni ta ce maman yara lahiya kike nan? Na gaya mata. Bata ce komai ba ta shiga gida ta dawo da tabarma da kwanon fura ta zauna kusa da ni, ta aika aka kira ɗanta direba, shi ya dinga kiran abokansa na tasha ɗaya bayan ɗaya har aka samu wanda ya ce ya ga motar a bakin boda taya ce ta fashe, ana gyara. Hajiya bata tashi ba sai da fitilar motar ta hasko lungunmu, ga ta da sahur a gabanta. An ce kar a kama sunan kowa, to Hajiya ki yi haƙuri ke dai sai na faɗe ki, Allah ya saka maki, ya raya maki zuri'a, ya tsare ɗanki duk hanyar da zai bi, ya karɓi ibadarki.

Uwar zumunta, mama, Ubangiji ya ƙara maki ƙarfi da tsawon rai. Matan Tsibiri da suka zo da gero, na Danja da suka kwana bakin murhu cikin zahin nan, baba mai gadi da ya tada gurup lokacin da wuta ta ɗauke ana tsakiyar wa'azi, samarin da suka ƙirga baiko naira gefe sefa gefe, Allah ya shi maku albarka, ya buɗe maku, ya share maku hawaye, kar ya bar ɗayanku cikin rashi, amin amin.

Dangi na Yamai kuwa na san hidima ta yi yawa, ban ce dole sai kun zo ba, amma ko ɗan saƙon sannu da aiki ai ba zai ci kuɗi jika guda ba. To shikenan.

Tukwane biyu na Hajiya har yanzu ba a gani ba, duk wadda ta tahi da su cikin kayanta don Allah ta aiko kafin Lahadi.