Tambayar da Inna ta yi wa mai neman kansila

Yau bayan la'asar mai neman kansilan mazaɓarmu ya zo ƙofar gidan mai unguwa, aka baza tabarmi, aka ce kowa ya faɗi abin da ke damunsa. Matasa suka yi maganar tsadar taki da hanyar da ke yankewa duk damina. Can sai wata dattijuwa mai sayar da daddawa ta matso daga inda mata suke, ta ce, "Ɗana, na ji a rediyo tun 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, nawa ne namu a wata? Kuma in famfonmu ya lalace, wurin wa za mu je?" Wuri ya yi tsit. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, wallahi ban sani ba, amma zan tambayo in dawo."

Jikina ya yi sanyi. Matar nan ba ta taɓa shiga aji ba, amma ita ce ke tura jikoki rafi da asuba, shi ya sa ta san abin tambaya. Ba ta roƙi atamfa ko sabulu ba, lissafi ta nema. Na kuma ji daɗin da bai yi mata ƙarya ba, Allah ya sa ya cika alkawari. Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, kuma kansila ne zaɓaɓɓen da ya fi kusa da mutumin ƙauye. Ina so a sake wannan zama bayan zaɓe, ya zo mana da amsar a takarda.