Hutun haihuwa ya ƙare, to wa zai riƙe yaron?

Duk inda aka zauna ana maganar mata da aiki a Najeriya sai ka ji an tsaya kan hutun haihuwa, wata nawa za a bayar, da albashi ko babu. Ni dai abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne ranar da hutun ya ƙare, mace za ta koma bakin aiki da jariri ɗan wata uku ko huɗu, ina za ta ajiye shi?

Dokar ƙwadago mako 12 ta bayar, in kin kai wata shida a wurin dole a biya ki aƙalla rabin albashi, in kin dawo kuma kina da rabin awa sau biyu a rana na shayarwa. Ma'aikatan tarayya aƙalla mako 16 suke samu, Kaduna ma ta mayar da nata wata shida a 2019. Madalla. Amma don Allah wadda gidanta yake Rigasa aikinta yana cikin gari, ta yaya za ta hau keke ta je ta shayar ta dawo cikin minti talatin? Sai dai in yaron yana kusa, kuma yawancin ma'aikatu ko ɗaki ɗaya ba su ware ba.

Akwai wata malama da muka koyar tare a makarantar kuɗi, zani take shimfiɗawa a ƙarƙashin teburinta a ɗakin malamai ta kwantar da 'yarta, da ta ji kuka ta baro aji da alli a hannu, mu ma wadda ba ta da darasi ta goya mata. Mai makarantar ya ce iyaye suna ƙorafi, kafin zangon ya ƙare ta ajiye aikin, kuma wallahi duk makarantar babu mai iya lissafi kamarta.

Wadda take da hali sai ta nemi 'yar aiki, nan ne kuma zuciyata take sosuwa. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya a kawo ta daga ƙauye, kuɗin wata a aika wa iyayenta, ita ce da goyo tun safe, yaran gidan sun sa yunifom sun wuce makaranta tana kallonsu ta ƙofa. Aikin uwar ɗakin ya tsaya da ƙafarsa, karatun yarinyar ne ya biya kuɗin.

Ga jinya kuma. A kwantar da suruka ko baba a asibiti, wa ke kwana a tabarma gefen gado, wa ke wanki da kawo abinci? Mace ce, ita za ta yi ta neman uzuri a ofis, in lokacin ƙarin girma ko tura mutum kwas ya zo oga ya ce ai wance ba ta zama. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2018 ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na irin wannan hidimar da ba a biya mata ne suke yin ta. Kwana 14 da gwamnatin tarayya ta amince wa maza a 2021 na hutun haihuwa abu ne mai kyau, amma reno ai shekaru ne.

Ni roƙona ga ƙungiyoyin malamai da na nas-nas, in za a zauna da gwamnati kan albashi a saka maganar ɗakin reno a sakatariya da asibiti da manyan makarantu, mai tsafta, da manyan mata da aka horar ana biyansu albashi, na asibiti kuma ya riƙa kwana a buɗe saboda masu aikin dare.