Yadda Na Zaɓi Ledar Sitikar Kayanmu

Kaya uku aka ɗora min alhakin nemo musu sitika a lokaci guda: sabulun wanka na ruwa a robar da ake matsawa, man gashi a ƙaramar roba mai tauri, da ruwan wanke hannu a gora garau wadda ake hango abin da ke ciki. Takarda tun farko ta fita daga lissafi, don dukkansu kusa da ruwa za su zauna, takarda kuwa ba ta shiri da ruwa da mai. Saura leda. To amma leda iri-iri ce, kuma masu sayarwa sukan fara nuna maka wadda ta fi sheƙi. Ni robar da za a manna wa na fara dubawa, da irin wahalar da za ta sha a hannun mai saye.

Wadda aka fi amfani da ita ita ce BOPP, wato ledar PP (wani nau'in roba mai suna polypropylene) da aka miƙe tsaye da kwance lokacin ƙera ta. Kaurinta yawanci maikiron 50 zuwa 60 ne (maikiron dubu ne milimita ɗaya), akwai fara, akwai garau, akwai mai ruwan azurfa. Tana da ɗan tauri, shi ya sa injin manna sitika yake son ta. A cikin injin, takardar bayan, wadda sitikar ke manne a kanta kafin a ɓare ta, tana lanƙwasawa a bakin wani siririn ƙarfe, ita kuwa sitikar taurinta ya hana ta bin lanƙwasar, sai ta miƙe gaba ta hau robar. A kan robar man gashi ta zauna daram.

A robar sabulu ne labari ya canza. Na cika robobi da sabulun gaske, na manna, na bar su kwana 3, domin gam ba ya gama kamawa sai bayan awa 24 zuwa 72. Sannan na shiga matsa su da jiƙaƙƙen hannu kamar yadda mai wanka zai yi. Ba a jima ba BOPP ta fara yamutsewa a ƙugun robar. Siraran layuka suka taso daga gefe, kowane da ɗan rami a ƙarƙashinsa, ina kallon kumfa tana bin ramin tana shiga. Robar sabulun ta HDPE ce (wani nau'in robar polyethylene, wato PE) mai laushi, tana lotsawa ta dawo, ledar kuwa ta ƙi binta. Da na sa ledar PE mai kaurin maikiron 85, sai ta riƙa lotsawa tare da robar ta dawo tare da ita, kamar fata a jikin mutum. Ita ma PE da nata halin. Laushinta yana sa ta miƙe a injin bugu idan aka ja ta da ƙarfi, launuka su goce daga mazauninsu, kuma kaurinta yana rage yawan sitikar da ke cikin naɗi ɗaya. Akwai ta tsakiya, MDO, wadda aka miƙe ta gefe ɗaya kawai, ta fi PE siranta kuma tana jure matsi daidai gwargwado. Robarmu ta yi laushi da yawa, sai na tsaya a kan PE.

Abin da na fi so mai irin wannan aiki ya riƙe shi ne, leda da gam tare ake zaɓensu. Na ɗiga man gashin a gefen sitika masu gam iri biyu na ajiye a wuri mai zafi. Gam na farko, wanda ake narkawa da zafi, ya yi laushi, har ina tura kusurwar sitikar da ɗan yatsa tana zamewa, ƙura ta zagaye gefen ta yi baƙin layi. Gam na biyu, wanda ake kira akirilik, bai motsa ba. Da a busasshiyar roba kaɗai na gwada, na farkon ne zai burge ni, don ya fi saurin cafke HDPE, wadda dama abu ba ya son manne mata.

Haka tawada. PE da PP ba sa riƙe ta da kansu, ƙarfin fuskarsu na kama tawada bai wuce dain 30 ko 31 ba (dain shi ne ma'auninsa), sai an bi fuskar da tartsatsin lantarki da ake kira korona an ɗaga shi zuwa 38 ko sama. Wannan gyaran yana raguwa idan naɗin ya daɗe a ajiye, don haka na nemi ledar da aka yi wa shafi na musamman a fuska. Gwajin ba wuya: manna salatif a kan bugun, ka fizge. In tawada ta biyo shi, kada ka karɓi kayan.

Gorar garau ta PET ce, irin robar gorar ruwan sha, kuma ana so a ga kamar a jikinta aka buga rubutun. Nan BOPP garau na ɗauka, amma da sharaɗin bayanta ya zama ledar PET, ba takarda ba, saboda takarda tana barin zanen fuskarta a jikin gam, sitikar ta yi hazo-hazo. Na kuma sa a shimfiɗa farar tawada ƙarƙashin lambar da na'urar kanti ke karantawa.

An ba ni shawarar rigar leda mai tsukewa da zafi, wadda ke rufe gora daga wuya har gindi. Kyau kam tana da shi, amma na ƙi. Masu sake sarrafa roba suna niƙa gora su zuba a ruwa. PET mai nauyin giram 1.38 a kowane santimita kubik tana nutsewa, PP da PE da ba su kai giram 1 ba, wato nauyin ruwa, suna tasowa a kwashe su. Yawancin rigunan nan da wasu nau'o'in roba, PETG ko PVC, ake yin su, su ma nutsewa suke yi tare da PET su gurɓata ta, PVC ma ɗan kaɗan ya isa ya lalata tuli guda. Shi ya sa na nemi a sa wa sitikar gorar gam ɗin da ke sakin jiki a ruwan zafi mai soda, ta rabu da gorar da tawadarta a jikinta, ta taso sama.